Kainuwar da Ta Riga Doka Isowa

Bahaushe na yi wa kainuwa kirari da dashen Allah. Amma wadda ta rufe bakin tsibiran Yawuri a shekarun 1990 dashen mutum ce. Asalinta kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma masu sha'awar furenta mai ruwan shuni ne suka yi ta yawo da ita ƙasa-ƙasa, har ta kuɓuce musu.

A 1984 aka fara ganinta a Najeriya, a ruwan Badagiri, ta gangaro daga Jamhuriyar Benin. Ta Arewa kuwa ta kogin Kwara ta biyo, ta ratsa Yamai, ta sauka tafkin Kainji. A bakin wannan tafkin Yawuri take, a Jihar Kebbi.

Gungawa, mazauna tsibiran, su ne suka fi ji a jikinsu. Dama madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ta riga ta cinye musu tsibirai da gonaki, aka sake musu matsuguni. Sai ga ciyawar da kan ninka kanta cikin mako biyu. Ta toshe mashigi, kwalekwale ya kasa fita, raga ta nannaɗe, sauro da macizai suka sami gida. Masunta suka shiga fisgarta da hannu a aikin gayya, da tallafin wani shirin haɗin gwiwar Najeriya da Jamus. Masana a Sabuwar Busa kuma suka saki wani ɗan ƙwaro mai cinta, shi ma baƙo daga ƙasarta ta asali.

Doka ta zo a makare. Sai 2007 aka kafa NESREA, hukumar kula da dokokin muhalli, sai kuma 2013 aka fitar da ƙa'idojin hana shigo da baƙin tsirrai da dabbobi masu mamaya, shekara ashirin da tara bayan Badagiri.

Ƙasar tsibiri irin New Zealand, wadda ta yi tata dokar tun 1993, tana iya tsare tashar jirgi ta bincike kayan fasinja har takalminsa, domin teku ne katangarta. Tsibiran Kwara ba su da wannan gatan. Duk shekara ruwan da ke tasowa daga Mali da Nijar na tafe da sabon iri, kuma babu jami'in kwastan da zai tare shi.