Gayya, Adashe da Ƙungiyoyin Ƙwadago: Nazarin Yaƙi da Talauci a Birnin Kudu da Gwaram

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, ƙarƙashin masarautar Dutse, kuma galibin mutanensu manoma ne da makiyaya da ƙananan 'yan kasuwa. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na al'ummar jihar na fama da talauci. Sakkwato da Taraba ne kaɗai suka fi ta.

Fafutukar talakawa a yankin tana da tushe a siyasar jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, da magajiyarta PRP. Daga wannan tsatso Sule Lamido, ɗan Bamaina ta Birnin Kudu, ya fito. Bayan ya hau kujerar gwamnan jihar a 2007, ya yanka wa masu buƙata ta musamman alawus na naira 7,000 a wata, ya kuma kira Taron Talakawa a Dutse a 2008. Sai dai waɗannan matakai daga gidan gwamnati suka sauko, ba wata ƙungiyar ƙauye ce ta ƙwato su ba.

Ta fuskar albashi, matsin lambar ƙungiyar ƙwadago ta NLC da rassanta ya taimaka wajen ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024. Malamai 'yan NUT da ma'aikatan ƙananan hukumomi 'yan NULGE suna da bakin magana. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta cire masu aikin gona na lokaci-lokaci da wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Ɗan ƙwadagon da ke sharar gona, da matar da ke surfe ko sussuka a biya ta da kwanon hatsi, da ɗan dako a kasuwar Sara ta Gwaram, duk dokar ba ta san da zamansu ba.

Abin da ke riƙe waɗannan su ne tsofaffin dabarun haɗin kai. A gayya, maƙwabta kan taru da fartanyoyinsu su nome gonar mutum ɗaya, shi kuwa ya kawo fura da tuwo, gobe a koma ta wani. A adashe, mata kan zuba kuɗi wurin uwar adashe duk ranar kasuwa, wadda kwasa ta zo kanta ta sayi akuya ko gyaɗar yin ƙuli-ƙuli. Shirin Fadama na Bankin Duniya ya ɗora a kan wannan al'ada, domin sai manoma sun kafa ƙungiya suke samun tallafi, ko da yake ƙungiyar da tallafi ya haifa takan watse da zarar ya yanke.

Iyakar waɗannan dabaru a fili take: suna rage raɗaɗi, amma ba sa taɓa farashin gumin manomi. Manomi kan ci bashi da damina, ya biya da hatsi a kaka lokacin da farashi ya karye, sannan ya sake sayen hatsin da tsada kafin sabuwar kaka. Nan ne talaucin ke sabunta kansa. Rumbun haɗin gwiwa da zai ba manomi rance ya ajiye amfaninsa har farashi ya tashi shi ne ke tunkarar matsalar kai tsaye, kuma yana buƙatar jari da rajista da amintaccen ma'aji, abubuwan da adashen unguwa bai tanada ba.