Tsarin raba guraben karatu a jami'o'in Najeriya

A 'yan shekarun nan, ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi ne ke zana jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB a kowace shekara, alhali guraben da ke akwai ba sa isar su duka.

Sai dai makin da ɗalibi ya ci ba shi kaɗai ne ake dubawa ba. Ana kuma duba jihar da ya fito, da yankin da jami'ar take.

Wannan tsari, wanda aka fi sani da kwata, na daga cikin batutuwan da aka fi tafka muhawara a kansu a fagen ilimi a Najeriya. Ga ɗalibin da ya taso a wuri irin Dandamisa, wata mazaɓa a ƙaramar hukumar Makarfi ta jihar Kaduna, ko a ƙauyukan Ikara da Kudan, tsarin kan iya zama abin da ya raba shi da zaman gida.

Yadda ake rabon

Bisa ƙa'idar gwamnatin tarayya, jami'o'inta na raba gurabensu gida uku.

Kashi 45 cikin 100 na waɗanda suka fi kowa maki ne, ko daga ina suka fito. Kashi 35 na ɗaliban jihohin da aka keɓe wa jami'ar a matsayin yankinta. Sauran kashi 20 kuwa na jihohin da aka bari a baya a fannin ilimin boko.

Jihohi 23 ne a rukunin ƙarshe, ciki har da Kaduna da Kano da Katsina da Sakkwato. Abin da sau da yawa ake mantawa da shi a wajen muhawara shi ne, akwai jihohin kudu huɗu a cikinsu, wato Bayelsa da Ribas da Kuros Riba da Ebonyi.

Ke nan ɗan Makarfi da ya nemi Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya yana da ƙofofi uku. In bai shiga ta ƙofar cancanta ba, yana iya shiga a matsayin ɗan yankin jami'ar, ko a matsayin ɗan jihar da ke baya. Amma ko ta wace ƙofa, sai ya kai mafi ƙarancin makin da aka yanke, sai kuma ya ci darussa biyar a jarrabawar kammala sakandare. Wanda ya faɗi jarrabawa ba ya cikin wannan rabo.

Asalin giɓin

A shekarar 1859 aka buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas, ƙarƙashin 'yan mishan. Makarantar boko ta gwamnati ta farko a arewa kuwa, wadda Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya kafa a Nassarawa ta Kano, sai a 1909 ta soma aiki. Tazarar shekara hamsin ke nan tun daga tushe.

Turawan mulkin mallaka sun taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi, kuma ba su kashe kuɗin da zai cike gurbin ba. Iyaye da dama su ma sun yi ɗari-ɗari da boko, saboda tsoron abin da zai yi wa addinin 'ya'yansu. Ƙasar Zazzau ba ta rasa ilimi ba a lokacin, domin Zariya ta daɗe da yin suna a karatun addini da nahawun Larabci. Matsalar ita ce wannan ilimi ba shi ne gwamnatin Turawa ke ba wa takardar shaida ba.

A 1955 gwamnatin jihar Yamma ta Cif Obafemi Awolowo ta fara ba da ilimin firamare kyauta. Shirin ilimin firamare ga kowa bai game ƙasa baki ɗaya ba sai a 1976.

A 1978 aka kafa hukumar JAMB domin haɗa harkar ɗaukar ɗalibai wuri guda. Shekara guda bayan haka, tsarin mulkin 1979 ya shigo da ƙa'idar raba daidai tsakanin sassan ƙasar a hukumomin gwamnati, wadda tsarin mulkin 1999 ya riƙe a sashe na 14.

Abin da Zariya ta gwada

Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, ya buɗe jami'ar arewa a Samaru a watan Oktoban 1962. Nan da nan aka fahimci cewa makarantun sakandaren arewa ba sa yaye ɗaliban da za su cika azuzuwanta, musamman a fannonin kimiyya.

A zamanin Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci jami'ar daga 1966 zuwa 1975, aka kafa makarantar share fagen shiga jami'a. Shi kansa haifaffen Anchau ne, maƙwabciyar Ikara, kuma Kirista ne Bahaushe da ya jagoranci jami'ar da Sardauna ya kafa, abin da kan ba wa masu yi wa arewa kallon bai-ɗaya mamaki.

Maimakon a sassauta wa ɗalibi ma'auni, sai aka riƙa ɗaukarsa a koya masa abin da makarantarsa ta kasa koya masa, sannan ya zana jarrabawa. Daga wannan tunani ne jarrabawar IJMB ta samo asali a shekarun 1970, daga baya kuma jami'ar ta buɗe makarantar share fage a Funtuwa. Likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a masu yawa a arewa ta nan suka bi.

A matakin jiha ma an yi irin wannan lissafi. Lokacin da gwamna Ahmed Muhammad Makarfi ya kafa Jami'ar Jihar Kaduna a 2004, an raba ta gida biyu, a Kaduna da Kafanchan, domin kada kudancin jihar ya ga an bar shi.

Masu suka da masu karewa

Masu sukar tsarin na cewa zalunci ne a hana wanda ya fi maki gurbi don a ba wa wanda bai kai shi ba. Suna kafa hujja da sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya haramta nuna bambanci saboda asalin mutum. A 2014 wata babbar kotun tarayya a Legas ta amince da wannan hujja a ƙarar da lauya Olisa Agbakoba ya shigar, game da bambancin makin shiga makarantun sakandaren tarayya. Suna kuma tambaya: in bayan shekaru arba'in jihohin na baya har yanzu, me tsarin ya gyara?

Masu kare shi na amsa cewa maki na auna makarantar da yaro ya yi kamar yadda yake auna ƙwaƙwalwarsa. Tun daga 2015 a na'urar kwamfuta ake zana jarrabawar JAMB gaba ɗaya. Yaron da ya taso yana taya mahaifinsa aikin rake a fadamun Makarfi, wanda wataƙila bai taɓa zama gaban kwamfuta ba sai gab da jarrabawa, idan ya ci maki 200 cikin 400, ba lallai ne a ce wanda ya ci 240 bayan shekaru a makarantar kuɗi ya fi shi hazaƙa ba.

Hujja ta biyu ta shafi bayan kammala karatu. Ma'aikacin lafiya ko malamin da ya fito daga Hunkuyi ko Gimi ya fi yiwuwa ya yarda ya koma can ya yi aiki, kuma mace mai naƙuda a ƙauye ta fi sakin jiki da likita mace mai jin harshenta. Ta uku kuwa ita ce haɗin kan ƙasa: da kuɗin kowa ake tafiyar da jami'o'in tarayya.

Inda gizo ke saƙa

Babban raunin tsarin, wanda har masu kare shi sun yarda da shi, shi ne da jiha ake awo. Takardar shaidar asali iri ɗaya ce a hannun ɗan manomi daga Dandamisa da ɗan babban ma'aikacin da ya yi karatu a Abuja amma kakansa ɗan Makarfi ne. A cikin kason jihar Kaduna su biyun za su yi gogayya, kuma ba a bukatar dogon nazari kafin a san wanda zai yi nasara.

Haka kuma wanda aka haifa a Sabon Garin Zariya, iyayensa 'yan wata jiha, ba a lissafa shi ɗan Kaduna ko da bai san wani gida ba sai nan. Rabon bai kuma ware wa mata kaso ba, duk da cewa a karkarar arewa su ne suka fi barin makaranta kafin kammala sakandare.

Naƙasassu sun ɗan samu sauƙi: a 2017 hukumar JAMB ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede ta kafa wani kwamiti na musamman da ke shirya wa makafi jarrabawa a cibiyoyi na daban, ciki har da Kano, sannan a 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya.

A wasu ƙasashe

A Amurka, kotun ƙoli ta hana jami'o'i la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a watan Yunin 2023, a shari'ar da ta shafi Jami'ar Harvard. A watan Janairun 2025 kuma shugaba Donald Trump ya ba da umarnin rushe shirye-shiryen daidaito a hukumomin tarayya.

Indiya na ware kusan rabin guraben jami'o'in gwamnatin tarayya ga ƙabilu da rukunonin jama'a da aka daɗe ana dannewa.

Brazil ta bi wata hanya dabam. Dokar da ta kafa a 2012 ta keɓe rabin guraben jami'o'in tarayya ga waɗanda suka yi sakandare a makarantun gwamnati, sannan a cikin wannan rabin aka sake ware kaso ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi da baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar.