Asusun baƙaƙen fata na Filadelfiya

A Amurka ta zamanin bauta, baƙin mutum kan fanshi kansa, ya riƙe takardar 'yanci a aljihu, amma hankalinsa ba ya kwanciya. Idan ciwo ya kwantar da shi babu mai tallafa masa, idan ya mutu iyalinsa sun shiga uku, ga kuma masu farautar bayi da ke iya cafke shi a kan titi su ce gudowa ya yi.

Cikin wannan hali Richard Allen da Absalom Jones suka haɗu a birnin Filadelfiya. Dukansu a bauta aka haife su. Allen ya yi aikin ƙarfi ya biya ubangidansa kuɗin fansa. Shi kuwa Jones sai da ya fara fanso matarsa, don kada 'ya'yansu su tashi bayi, sannan ya samu nasa 'yancin a 1784. A watan Afrilun 1787 suka kafa ƙungiyar Free African Society. Tsarinta kamar na adashe ne, sai dai ba a kwasa bi da bi: kowa zai zuba sule ɗaya a wata, wanda ya shekara yana zubi kuma larura ta same shi, a riƙa ba shi sule uku da kwabo tara duk mako. Ana kula da matan da mazajensu suka rasu, a sa marayu a makaranta ko koyon sana'a. Mashayi ba shi da wuri a cikinsu. Wani zai ga tsananin ya yi yawa, amma mutanen da ake jira su yi kuskure ɗaya a yi wa jinsinsu duka kuɗin goro ba su da sararin sakaci.

A cocin St. George's da suke zuwa ibada ma ba su tsira ba. Jones na durƙushe yana addu'a aka zo ana ɗaga shi, wai ya koma wurin da aka ware wa baƙaƙe. Suka fice gaba ɗaya. Allen ya sayi tsohuwar maƙera, aka jawo ta zuwa filin da ya mallaka, ta zama cocin Bethel a 1794. Filin na hannun baƙaƙen fata har yau.

Kafin nan, a 1793, zazzaɓin shawara ya kashe mutum kusan 5,000 a birnin. Masu hali suka tsere. Likita Benjamin Rush, bisa kuskuren zaton cutar ba ta kama baƙaƙe, ya roƙe su taimako, suka fito suna jinya suna binne gawawwaki, wasunsu suka mutu a kan aikin. Sakayyar da suka samu? Wani mai buga littattafai, Mathew Carey, ya rubuta cewa sun tsawwala kuɗi, sun yi sata a gidajen marasa lafiya. Allen da Jones ba su haɗiye ba, suka buga martani a 1794, har da lissafin abin da suka karɓa da abin da suka kashe daga aljihunsu.

Da aka kafa ƙungiyar da ke son kwashe 'yantattun baƙaƙe zuwa Afirka, mutum kusan 3,000 suka taru a Bethel a Janairun 1817, ƙarƙashin jagorancin attajiri James Forten, suka ce ba inda za su. Gumin kakanninsu ne ya gina ƙasar, kuma ba za su bar 'yan'uwansu a cikin sarƙa ba.

Duk da haka, a 1838 jihar Pennsylvania, inda Filadelfiya take, ta sauya tsarin mulkinta, ta mayar da zaɓe na farar fata kaɗai. Forten, da duk dukiyarsa da Turawan da ke aiki a ƙarƙashinsa, ya rasu a 1842 ba shi da ikon jefa ƙuri'a. Baƙaƙen jihar ba su sake samun wannan dama ba sai 1870.