DOKA

dṑkā [dòokaa] *sn., mc.*, *jm.* dōkōkī.

1. Umarni ko hani na hukuma wanda ya hau kan kowa: *an kafa ~*, *ya karya ~*.

2. Rubutaccen tsari na ƙasa a kan wani fanni: *~r karkara*, ta Nijar, 1993, mai tsara mallakar gonaki, rijiyoyi da burtali, *~r kiwo*, ta Nijar, 2010, mai kare zirga-zirgar makiyaya, *~r 2003*, ta Nijar, mai hukunta bautar da mutum.

3. Hani na ɗan lokaci: *a Kore Mairuwa an sa ~ kada dabbobi su shiga gonaki sai an kwashe hatsi.*

*Haɗ.:* ɗan ~, ɗan sandan sarki a dā, ~r ta-ɓaci, ~r hana fita, daftarin ~, wadda ba a amince da ita ba tukuna, majalisar dokoki.

*Dubi:* ƙa'ida, shari'a, tsarin mulki.