Tarihin Kwalejin Fada Aupiais ta Kwatano

Mu mazauna unguwar Zango a Kwatano mun saba jin sunan Kwalejin Fada Aupiais, wanda mutanen gari suke kira Ofiye. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka san asalinta. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, haka kuma wanda ya manta tushen abin da ya gada. Saboda haka ina so in ba da labarinta a taƙaice.

Aikin bishara na Katolika a wannan ƙasa, wadda a dā ake kira Dahome, ya kafu ne a shekarar 1861, sa'ad da Fada Borghero da Fada Fernandez na ƙungiyar SMA suka sauka a Wida. Ba su daɗe ba suka buɗe makaranta, gama sun gane cewa wanda bai iya karatu ba, da wuya ya riƙe katikisma. Tun daga lokacin, ko'ina aka kafa mishan, makaranta tana gefensa.

Fada Francis Aupiais kuwa an haife shi a Faransa a 1877, ya zo Dahome a 1903, ya yi shekaru da yawa a Porto-Novo yana koyarwa. Abin da ya bambanta shi da Turawa da yawa na zamaninsa shi ne bai raina baƙar fata ba. Ya girmama al'adun mutanen ƙasa, ya kafa mujalla a 1925 inda 'yan ƙasa irin su Paul Hazoumé suke rubuta tarihin kakanninsu. Ya kuma yi magana a fili gāba da aikin tilas, abin da ya jawo masa fushin masu mulki. A 1945 aka zaɓe shi wakili a majalisar Faransa, tare da Sourou-Migan Apithy, amma Ubangiji ya kira shi a watan Disamba na wannan shekara.

A lokacin nan firamare na mishan sun yi yawa, amma yaron da ya gama ba shi da inda zai ci gaba, sai ko makarantar gwamnati ta Victor Ballot a Porto-Novo, ko makarantar horar da firistoci a Wida. Gurabe kaɗan, masu nema da yawa. Don haka a 1948, a zamanin Bishof Louis Parisot, aka buɗe wannan kwaleji a Kwatano, aka sa mata sunan marigayin. Aikinta shi ne shirya yara: shekara huɗu zuwa jarrabawar BEPC, uku kuma zuwa Bakaloriya, wadda ita ce ƙofar jami'a. Sistocin Notre-Dame des Apôtres su ma suka kafa tasu makarantar sakandare a garin domin 'yan mata.

A 1960 ƙasa ta sami 'yancin kai, a shekarar kuma Bernardin Gantin, ɗan ƙasa, ya gaji Parisot a matsayin Babban Bishof na Kwatano. Sannu a hankali aikin koyarwa da shugabanci ya koma hannun 'yan ƙasa.

Sai jarraba ta zo. Mathieu Kérékou ya karɓi mulki a 1972, a 1974 kuma gwamnatinsa ta rungumi aƙidar gurguzu, ta karɓe firamare na mishan. Rijiyar da kwaleji take ɗiba ta fita daga hannun Ikilisiya. Amma mai haƙuri yakan dafa dutse. A watan Fabrairu na 1990 aka yi babban taron ƙasa, wanda Bishof Isidore de Souza ya shugabanta, bayan gwamnati ta riga ta watsar da gurguzu. Bayan haka Ikilisiya ta soma karɓar makarantunta, tana kuma gina sababbi.

To, ina namu rabo a cikin wannan tarihi? Ni kaina ban wuce firamare ta mishan ba, gama mahaifina ba shi da halin biya. Har yanzu ina ganin irin wannan a ajin katikisma: yaro mai kaifin kai, ya gama firamare, sai a kai shi kasuwar Dantokpa ya yi dako, domin kuɗin makaranta ya fi ƙarfin iyayensa. Mu Kirista masu jin Hausa a Zango 'yan kaɗan ne, yawancinmu baƙi ne, masu gadi da 'yan tireda. In ba mu haɗa kai ba, 'ya'yanmu za su riƙa wuce ƙofar kwalejin nan suna leƙe kawai.

Shawarata ita ce zumuntar mata da ta maza su kafa asusu, kowane gida ya riƙa sa abin da ya sawwaƙa kowace Lahadi, a ɗauki nauyin ko da yaro ɗaya a shekara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗanda suka kafa makarantar nan sun shuka itacen da ba su sha inuwarsa ba. Allah ya ba mu zuciya irin tasu. Amin.