DOKARMU TA IYA BULALA, AMMA WA ZAI CIYAR DA YARON?

Jama'a, duk ranar da labarin fyaɗe ya fashe a ƙasar nan, abu ɗaya muke yi. Mu cika Facebook da "a kashe shi", "a dandaƙe shi", bayan kwana uku wani labarin ya zo ya ture wannan. Ban ce fushin bai dace ba. Amma akwai tambayar da ba kasafai nake ganin an yi ba: bayan an tashi daga kotu, ko an kashe maganar a zauren mai unguwa, wa ke ɗaukar nauyin yarinyar? In ta haihu, wa ke ciyar da abin da ta haifa? Na ɗan bi tarihin dokokinmu na Arewa a kan wannan, ga abin da na gani. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Mu fara daga jajibirin 'yancin kai. A 1958 gwamnatin Sardauna ta gayyato kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, don su duba tsarin kotunan Arewa. Shawararsu ce ta haifar da dokar Final Kod, wadda majalisar Jihar Arewa ta zartar a 1959, ta fara aiki a 1960. An gina ta a kan ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya aka ɗauko ta. Daga nan aka raba gari: manyan laifuffuka suka koma rubutacciyar doka, shi kuwa aure, saki, gado, riƙon yara da ciyar da su, aka bar wa alƙalai su ci gaba da yi bisa fiƙihun Malikiyya. Sashe na 282 ya fayyace fyaɗe, ya kuma ce yardar yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba ba yarda ba ce. Ku riƙe wannan rabon da kyau, don shi ne ya bi mu har yau. Hukunta mai laifi a ɗaki guda ake yin sa, maganar abinci da suturar yaro a wani ɗakin daban, kuma ita matar ce za ta tashi ta nemi ɗaki na biyun da ƙafarta da kuɗin motarta.

Shi fiƙihun fa bai yi shiru ba. A cikin Muwaɗɗa, Imam Malik ya kawo hukuncin Halifa Abdulmalik bin Marwan cewa wanda ya tilasta wa mace sai ya biya ta sadakinta, ya kuma bayyana cewa haddi a kan mai tilastawar yake, ita babu komai a kanta. Wato tun ƙarni na biyu na Hijira akwai maganar biyan wadda aka zalunta, ba bulala kaɗai ba. Alƙali Ibnul Arabi, shi ma Bamalike, ya ɗauki ƙwace mace da ƙarfi a matsayin hiraba, irin laifin 'yan fashi. A ɓangaren ciyarwa kuma, duk wanda ya karanta Risala a zaure ya san cewa ciyar da ɗa namiji na kan uba har ya balaga, ta 'ya mace kuwa har ta tare a ɗakin mijinta. Riƙo na hannun uwa ko da an sake ta, amma tuwon daga aljihun uba zai fito.

Sai dai a cikin wannan mazhabar akwai wata ƙa'ida da ta bambanta ta da sauran: ciki a jikin matar da ba ta da miji hujja ce ta zina, sai in ta kawo alamar an tilasta mata. Wannan ƙa'ida ta yi shekara 40 tana kwance a littafi, har ranar da Zamfara ta fara aiki da dokar laifuffuka ta shari'ar Musulunci a Janairun 2000, wasu jihohi suka bi sahu.

Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna Bariya Magazu, yarinyar nan ta yankin Tsafe. An gan ta da ciki, ta ce maza uku ne suka tilasta mata. Mazan suka musanta, aka sallame su. Ita aka yanke mata bulala 100 na zina, da 80 na ƙazafi saboda ta ambaci sunayensu. Daga baya an janye na ƙazafin, amma a Janairun 2001, bayan ta haihu, aka yi mata 100 ɗin, alhali lauyoyi na kan shirin ɗaukaka ƙara.

Sai Safiya Husaini ta Tungar Tudu, wadda kotu a Gwadabawa ta yanke wa hukuncin jifa a Oktoban 2001. Kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Sakkwato ta wanke ta ranar 25 ga Maris, 2002, ɗaya daga cikin dalilan shi ne abin ya faru ne kafin dokar ta fara aiki. A cikin wannan watan ne kotun Bakori ta yanke wa Amina Lawal irin wannan hukunci. Namijin da ta ambata ya rantse da Alƙur'ani, ya kama gabansa. Kotun Funtuwa ta tabbatar da hukuncin a Agustan 2002, sai ranar 25 ga Satumba, 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta Katsina ta soke shi, alƙalai 4 cikin 5.

Abin lura a nan biyu ne. Na farko, ba surutun Turawa ya kuɓutar da matan nan ba. Lauyoyi irin su Aliyu Musa Yawuri da Hauwa Ibrahim da hujjojin fiƙihu suka tsaya: haƙƙin janye iƙirari, da batun kwantaccen ciki, wanda Malikiyya suka yarda zai iya daɗewa shekaru bayan saki. Har ƙungiyar BAOBAB sai da ta roƙi masu aiko takardun koke daga waje a 2003 da su dakata, don suna ɓata lamarin. Na biyu, kuma shi ne damuwata: a duk shari'o'in nan uku akwai jariri a goye. Duniya ta yi ta muhawara a kan bayan uwar da wuyanta, amma cikin jaririn bai shiga jerin abin da ake jayayya a kai ba.

A 2003 ɗin dai Obasanjo ya sa hannu a dokar kare haƙƙin yara, bayan Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya tun 1991. Dokar ta ɗora wa iyaye nauyin ciyarwa da ilimi, ta tanadi kotun iyali. Amma da yake batun yara hurumin jihohi ne, sai kowace jiha ta yi tata. A nan muka maƙale a kan abu ɗaya, shekarun aure, muka bar duk sauran. Kano sai a Mayun 2023 Ganduje ya sa hannu a dokar kare yara ta jihar. Shekara 20 cif! Yaron da aka haifa ranar da aka fara gardamar, ya riga ya wuce shekarun da dokar za ta kare shi.

A Mayun 2015 Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin mutane, wadda aka fi sani da VAPP. Ta faɗaɗa ma'anar fyaɗe ta haɗa da yara maza, ta sa ɗaurin rai da rai, ta ba kotu ikon sa a biya wadda aka zalunta diyya. Sashe na 16 nata ya ce wanda ya gudu ya bar mata ko 'ya'ya ba abin ci, zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara 3, ko tarar da ta kai naira 500,000. Mutum nawa cikinmu suka taɓa jin wannan sashen? Ita ma dokar Abuja kaɗai ta shafa da farko, sai da jihohi suka riƙa ɗauka ɗaya bayan ɗaya.

A 2017 Sarki Muhammadu Sanusi II ya taso da maganar rubuta dokar iyali ta Musulunci a Kano, wadda za ta tsara aure, saki da ciyarwa. Me muka yi? Muka tsinci jimla ɗaya, wai za a hana talaka ƙara aure, muka yi ta cacar baki a kanta. Har aka sauke shi a Maris 2020 daftarin bai zama doka ba.

Sai 2020, shekarar kulle. Kisan ɗalibar nan Uwaila a Benin da kama mutumin Kwanar Ɗangora da aka zarga da yi wa mata 40 fyaɗe suka girgiza ƙasa. A watan Yuni gwamnoni suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe. A Satumba El-Rufa'i ya sa hannu a gyaran dokar Kaduna: dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14. Muka yi tafi.

To ku duba layin nan tun daga 1960. Kullum hukunci ƙara tsanani yake, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Iyaye da yawa ba sa kai ƙara, saboda sun san kuɗin asibiti, kuɗin zirga-zirga da abin kunyar duk a kansu zai ƙare, ga masu cewa in ɓera da sata daddawa ma da wari. Shi ya sa in an zo da 'yan kuɗi a rufe magana, sai uba talaka ya karɓa yana hawaye. Ita kuma bazawarar da alƙali ya yanka wa tsohon mijinta kuɗin ciyarwa, in ya biya wata biyu ya daina, sai ta sake sabon sammaci. In ta gaji, ga yaran nan a titi da farantin talla ko ƙoƙon bara, inda masu lalata yara ke jiransu. Kun ga rashin ciyarwa da fyaɗe igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Ɗan da aka samu ta hanyar fyaɗe kuwa, nasa ya fi tsanani. Mafi yawan malamai sun ce ba a jingina shi ga namijin, don haka ba shi da uban da za a kama da ciyarwa. Amma fiƙihu bai ce a bar shi ya mutu ba, wanda ba shi da mai ciyar da shi baitulmali ke ɗaukarsa. Sashe na 42 na kundin tsarin mulki ma ya hana a tauye wa ɗan ƙasa haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Ina baitulmalin namu?

Ba sabon abu nake nema ba. Tunisiya, ƙasar Malikiyya irinmu, ta kafa asusu tun 1993 da ke biyan matar da tsohon miji ya ƙi biyan kuɗin ciyarwa, sannan gwamnati ta bi shi ta karɓo kuɗinta. Maroko ma ta yi irinsa daga baya. Mu da muke da hukumomin zakka da Hisba, me zai hana? A riƙa cire kuɗin ciyarwa kai tsaye daga albashin ma'aikaci. A sa alƙalin da ya yanke hukuncin fyaɗe ya yanke diyya a zama ɗaya, kamar yadda Imam Malik ya nuna. A ɗauke wa iyaye kuɗin gwajin asibiti.

Don Allah, in ɗan majalisar jiharku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi wannan. Lauyoyi da malaman da ke bibiyata, inda na yi kuskure ku gyara mini a ƙasa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Allah Ya tsare mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.