Sunayen Kifin Teku da Hanyar da Suka Biyo

Bahaushe ya san kifin kogi ciki da bai. Tarwaɗa, karfasa, ragon ruwa, giwan ruwa, kowanne da sunansa na gida, domin masuntanmu sun daɗe suna kama su a Argungu da Yawuri da Tabkin Chadi. Amma da zarar an zo kan kifin teku, sai sunayen su koma na aro, kuma kowane suna na nuna hannun da kifin ya biyo kafin ya iso gare mu.

Dalilin kuwa nisa ne. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, motar da ta tashi da la'asar sai gari ya waye take shiga. Ɗanyen kifi ba ya jure wannan tafiya. Saboda haka ko dai a busar da shi, ko a sa shi a gwangwani, ko a daskarar da shi. Shi ya sa muke cewa banda, kifin gwangwani da kifin ƙanƙara, wato muna kiransa da dabarar adana shi.

Mu ɗauki Titus. Asalinsa sunan kifin gwangwani ne da ake yi a Maroko, sai kasuwa ta laƙaba shi ga wani kifi dabam mai zane-zane a baya, wanda ake shigo da shi a daskare daga tekun arewacin Turai. Panla da shawa kuwa daga bakin Yarabawa muka ji su. Busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda ake shanyawa a iskar sanyi ta ƙasar Norway, Inyamurai ke ce masa okporoko. Kirafish ɗin da ake dakawa a zuba a miya, sunan daga Turanci yake, amma abin da ke cikin kwanon ƙananan jatan lande ne busassu, kuma kasuwar Oron ta jihar Akwa Ibom ta yi suna wajen sayar da su.

Jatan lande har ƙasa guda ya raɗa wa suna. A 1472 Turawan Fotugal suka shiga kogin Wouri, inda Duwala take a yau, suka tarar da jatan lande jingim, sai suka kira wurin Rio dos Camarões, ma'ana kogin jatan lande. Daga nan sunan Kamaru ya samo asali. Su ne kuma suka kira Eko da Lagos, mu kuwa muka riƙe sunan masu gari muka ce Ikko.

Sanin waɗannan sunaye yana da amfani ga matafiyi. Mutum zai iya kwana a mota, ya isa bakin teku, a kawo masa Titus ɗin da ya baro a Sabon Gari, alhali ga ƙaguwa da jatan lande da kifin da aka kamo da asuba a kasuwar Epe ko Makoko. A Fatakwal ma ga gasasshen kifi da ayaba, wanda suke kira bole.

Don haka in ka je, tambayi mai sayarwa sunan kifin da inda aka kamo shi kafin ka biya. Matambayi ba ya ɓata.